Sha Biyun Kan Tudu

Famfon unguwa ya yi tari da safe, ya tofar da iska, ya yi shiru. Mata suka tsaya da bokitai suna kallonsa kamar majinyacin da ya daina magana. Kowa ya riga ya san dalili. Tun jiya da rana aka ɓalle kwaɗon ɗakin inji da ke kan tudu, aka kwance akwatin da ke karɓar wutar hasken rana ya tura wa injin ruwa, aka yi gaba da shi. Ɗan abin da ya rage a tanki an shanye, yau ga famfo ya bushe.

Ɓarawon ma kowa ya san shi, ko dai ya ce ya sani. Mai gadi ne.

Shugaban kwamitin ruwa da kansa ya je gidan Baba Sunkuyau. Wannan dattijo a ƙuruciyarsa sawun shanun sata yake bi, kuma yawan kallon ƙasa ya sa wuyansa ya lanƙwashe har sunan ya bi shi. An ce ya taɓa gane cewa wata akuya da ta ɓace tana da ciki, daga yadda ta taka yashi kawai. Yanzu kwalta da siminti sun cinye masa rabin sana'a.

"Baba, ba ɓarawo nake so ka nemo mana ba, wannan yana hannu," in ji Shugaba. "Akwatin nake so. In la'asar ta yi bai fito ba, 'yan sanda za su zo su tafi da shi. Ɗakin da suke ciki ma na kwamiti ne, sai matarsa ta san inda za ta nufa."

"Matar da ba ta iya juya kanta a gado?"

"Ni ma abin na damuna. Amma an ga saƙo a wayarsa daga kamfanin wayar tsallaken iyaka, wai suna masa barka da zuwa ƙasarsu. Me ya kai shi can? Sannan ƙarfe ɗaya yake da izinin sauka, jiya tun sha biyu ya bar wurin."

"Wa ya gan shi?"

"An gan shi."

Baba Sunkuyau ya jawo takalminsa. A duk shekarunsa na bin sawu, bai taɓa haɗuwa da mai wannan suna ba, An, amma ya lura ba abin da ke faruwa a gari da ba a kan idonsa ba.

*

Mai gadi na zaune a benci a ofishin kwamiti, hula a gwiwa, wasu ƙarti biyu sun tare ƙofa. Dogo ne, shiru-shiru, da tsohon agogo a hannu wanda aka ɗaure madaurinsa da zare.

"Ƙarfe ɗaya na sauka, Baba, kamar kullum. In juya matata, in ba ta abinci, in koma ƙarfe biyu. Tun daga nesa na ji shirun ya yi yawa, inji ba ya kuka."

"Saƙon fa?"

"Kullum sai sun yi mini barka da zuwa, ina zaune a kujerata. Tun da suka kafa sabon ƙarfen sabis a can tsallake, watan jiya. Na faɗa a taro, aka ce to in riƙa amsa musu gaisuwa."

Ɗaya daga cikin ƙartin ya yi tsaki. "Ji ƙarya. Waya ta tsallaka, mai ita yana zaune."

Dattijon ya fita ya kama hanyar tudu.

*

Ta gaba jama'a sun tattake komai, sai ya zagaya ta baya inda ciyawa ta yi tsawo. Nan ƙasa ta fara yi masa magana. Mutum ɗaya ne, da silifas irin wanda rabin gari ke sawa, ba mai nauyi ba. Ya hau a hankali, ya kwanta a inuwar tanki ya daɗe, har ciyawar ta ɗauki siffar bayansa. Daga nan ana hango kujerar Mai gadi ba tare da an gan ka ba.

A cikin ɗakin inji ne abin ya ba shi mamaki. Ɓarawon bai yanke waya ko ɗaya ba. Kwance su ya yi, ya jera kusoshin a kan taga, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Ya jawo bulo ya zauna. Har gyaɗa ya ci, ya tara ɓawon wuri ɗaya kamar mai jin kunyar masu gida.

Amma daga bakin ƙofa sai sawun ya haukace. Taku ya yi nisa da juna, yatsu sun nutse, diddige ba ya taɓa ƙasa. Ya zame a gangare ya dafa da hannu ɗaya, ga alama ɗaya hannun na riƙe da kaya a ka. Da gudu ya isa kwalta, can sawun ya mutu.

Baba Sunkuyau ya tsuguna ya yi tagumi. Mutumin nan ya san lokacin saukar Mai gadi, tun da ya zo ya yi kwanto. To wanda ya san lokacin sauka ai ya san na dawowa. Me ya sa ya baje kamar yana da yini guda, sannan dawowar ta zo masa ba zato? In kuma da haɗin bakin Mai gadi, gudun me yake yi?

Ya miƙe, ya ga inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafafunsa. Rana ta take tsaka. Ya ciro 'yar wayar da 'yarsa ta saya masa, mai madannai, don ya ga saura nawa la'asar. Wayar ta ce sha ɗaya. Ya dubi inuwa, ya dubi waya. Yana cikin haka ta yi ƙara, ga saƙo, wasu mutane da bai taɓa gani ba suna murnar zuwansa ƙasarsu.

"To, na gode," ya ce wa wayar. "Ya iyali?"

*

Mai gyaran waya yana da rumfa a bakin tasha, da gilashi mai ƙara girman abu maƙale a goshi. Ya karɓi wayar ya yi dariya.

"Baba, ka yi tafiya ba ka yi sallama ba. Tudun ka hau ko? Ita waya ba ta da agogon kanta, ƙarfen sabis ɗin da ta kama shi take tambaya. A can sama na tsallake ya fi namu ƙarfi, su kuma suna bayanmu da awa guda."

"Mutane na bayan mutane da awa guda," in ji dattijon a hankali, don abin ya yi masa daɗi. "Wato mu mun ci abinci, su suna wanke hannu. In an sauko fa?"

"Wasu su dawo hayyacinsu nan take. Masu araha irin taka sai su yi taurin kai har sai an kashe an kunna. In mutum ya gaji, sai ya hana ta tambayar kowa, ya saita mata lokaci da hannunsa. Daga nan ko ina ya je ba ta ƙara motsi."

"Wani ya kawo maka irin wannan jiya?"

"Babu. Wa ke hawa can in ba Mai gadi ba? Amma in kana neman ɓarawo, dubi wanda kakarsa ta yanke saƙa."

Ya nuna Mai ruwa, wanda ke turo kura cike da jarkoki daga rijiyar bayan gari, mata na binsa suna kiran sunan sana'arsa kamar sun ga ango.

Dattijon ya tare shi. Mai ruwa ya share gumi ya ɗaga masa ƙafa ɗaya, faffaɗa kamar faranti, duk faso.

"Na san abin da ake faɗa. Duba, Baba. Rabona da takalmi tun bikin ƙanwata. In ka ga wannan a kan tudu, ɗaure ni."

Ba ita ba ce. Mai gyaran famfo ma, wanda kwamiti ya sallama bara kuma bai daina zaginsu ba, ya ce jiya yini ya yi cikin ramin masan wani gida, ya kuma miƙo hannu a sansana in ana shakka. Baba Sunkuyau ya ce ya yarda.

*

Tun da ƙasa ta ƙare masa a kwalta, sai ya yanke shawarar bin wani sawun. Magana ma tana da sawu, in mutum ya yi haƙuri ya bi ta da baya.

Ya koma wurin Shugaba. Wa ya ce maka sha biyu? Matata. Matar ta ce a wurin Mai niƙa ta ji. Mai niƙa ya kashe inji ya ce wani direba ne ya faɗa jiya da yamma, ga shi can ma a gindin bishiya. Direban ya ja hula har kunne duk da zafin da ake yi. Da aka matsa masa ya cire, sai ga rabin kai a aske ƙwal, rabi da suma.

"Kar ka yi dariya, Baba. Ana tsakiyar aski aka ɗauke wuta, har yanzu ba a kawo ba. Mu uku ne haka a garin nan. A can na ji, ana ta ihun an yi sata, Mai aski ya ce ai dole, mutumin da ya bar aiki tun sha biyu."

Dattijon ya kama hanyar shagon askin. Mai aski ƙanen matar Mai gadi ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ya same shi a shago yana goge injin askin da ba wuta. A kan teburinsa ga mataji a jere, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. A rufin kwano akwai ɗan farantin hasken rana da bai fi tire ba.

"Baba, sannu da zuwa. Aski ko gyaran gemu? Sai dai da almakashi."

"Gaisuwa ce. An ce kai ka ga mijin yayarka ya sauko da sha biyu."

"Ni? A'a. Ji na yi."

"A bakin wa?"

"Mutane dai. Ka san shago." Ya hura injin, ya sake gogewa. "Wallahi abin ya dame ni. Mutumin nan wasa muke da shi, Dogon Banza nake ce masa. Amma ka ga rai da buƙata."

"Yaushe rabonka da tudu?"

"Tun ranar da aka buɗe tanki. Me zan hau in yi, aljanu zan yi wa aski?"

Suka yi dariya tare. Dattijon ya dubi silifas ɗinsa, irin na kowa ne. Jera mataji kuma ba laifi ba ne.

*

Matar Mai gadi, wadda har yanzu ake kira Tela ko da yake keken ɗinkinta ya daɗe a rufe, tana kwance ta fuskanci bango. 'Yar aminin Baba Sunkuyau ce, a gabansa ta girma. Ɗakin ƙarami ne, ƙal-ƙal, da taga ɗaya a sama wadda ke jefo ɗan haske mai kusurwa huɗu a jikin bango.

"Baba, za su tafi da shi?"

"Ba su tafi ba tukuna. Jiya da wane lokaci ya shigo?"

"Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna."

"Kina da agogo ne?"

Ta nuna bango da haɓa. "Ga shi nan. Shekara nawa ina kallonsa. In hasken nan ya taɓa ƙafar keke, zan ji takunsa. In ya hau kan keken, ya tafi. In ya kai ƙusar can, ƙarfe huɗu, autanmu Mai aski zai zo ya ba ni magani. Rani da damina yana ɗan gocewa, amma na san gociyarsa."

Baba Sunkuyau ya daɗe yana kallon hasken. Ya bi sawun abubuwa da yawa, bai taɓa tunanin rana ma tana barin sawu a ɗakin mutum ba.

"Jiya bai yi wuri ba?"

"Ko kaɗan. Auta ne ma ya makara. Haske ya wuce ƙusa, ya kai kusurwa, sannan ya shigo yana haki. Na ce Auta, ka manta da ni. Ya ce haba Yaya, huɗu daidai, har ya nuna mini waya. Na ce to wayarka ta sha wani abu. Sai ya leƙa waje ya tambayi maƙwabta, ya dawo ya zauna yana ta latse-latse, ko ƙala bai ƙara cewa ba." Ta yi murmushi. "Yaron nan da rikici."

Dattijon ya sunkuyar da kai fiye da yadda yake a sunkuye. Ya yi mata sallama a gajarce.

*

Ƙarfe uku ya tara su a kan tudu: Shugaba, Mai gadi da ƙartinsa biyu, Mai ruwa, Mai gyaran famfo, Mai aski, da Mai gyaran waya a matsayin shaida. Kafin a fara hawa ya sa kowa ya duba wayarsa, duka suka ce uku, har tasa da aka kashe aka kunna. Jama'a suka biyo baya suka tsaya nesa kaɗan, kowa na harar na kusa da shi.

Ya sa aka jera wayoyin a kan dakalin tanki.

"Yanzu fa?" in ji Shugaba.

"Yanzu sai mu jira su tsallaka."

Mai gyaran famfo ya ce tsufa dai bai yi ba. Bai rufe baki ba wayar Shugaba ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya karanta, fuskarsa ta canza.

"Me suka ce maka?" in ji dattijon.

"Wai... barka da zuwa."

"Me ya kai ka can, Shugaba?"

Dariya ta ɓarke a cikin jama'a, ta mutu da wuri, don sauran wayoyin sun fara kuka ɗaya bayan ɗaya. Mai gyaran waya ya bi su yana dubawa. Wannan ta koma biyu da 'yan mintuna. Wannan ma. Ta Mai ruwa mai fasasshen gilashi ma ta koma. Ya zo kan ta ƙarshe ya tsaya.

"Wannan ta karɓi gaisuwa, amma tana nan a uku. An saita ta da hannu."

"Tawa ce," in ji Mai aski. "Ni na saita abata. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne, ɗana. Yaushe ka saita?"

"Na manta. Da daɗewa."

"Jiya da yamma tana bayan gari da awa guda, a ɗakin yayarka, har ka makara da maganinta. Waya ba ta kwaso wannan ciwon a ko'ina sai a nan, kai kuma ka ce rabonka da nan tun buɗe tanki." Baba Sunkuyau yana magana ne yana kallon ƙasa, kamar a can yake karantawa. "Mai gadi ya sauka ƙarfe ɗaya. Duk wanda ke cikin gari ɗaya ya gani. Sha biyu a kan tudun nan kaɗai aka yi ta, a wayar mutumin da ke kwance a bayan tankin can. Ya ga sha biyu, ya ce yau na samu awa biyu, ya zauna ya ci gyaɗa. Na bi maganar sha biyun nan baki-baki, ta kai ni shagonka, daga nan ba ta da gaba."

Mai aski ya dubi mijin yayarsa. Mai gadi sai juya agogon hannunsa yake yi.

"Aro na yi," in ji Mai aski da wata murya siririya. "Yana ƙarƙashin kwalbati, na rufe da buhu, ko ƙwarzane babu. Mutane na fita daga shagona da rabin kai, yara na bin su da waƙa. Na ce in haɗa da farantina. Na ɗauka kwamiti zai sayi wani, shi ke nan. Da na ji ana ihu sai tsoro ya kama ni, bakina ya suɓuce."

"Kai, bawan Allah," in ji Mai gyaran waya. "Akwatin nan injin ruwa kaɗai ya sani. Ko fitila ba zai kunna maka ba."

Ƙartin biyu suka bar gefen Mai gadi suka koma gefen Mai aski, ba wanda ya umarce su. Shugaba ya yi gyaran murya, ya ce motar 'yan sanda dai tana hanya, ba za ta koma haka nan ba. Ya matso zai ba Mai gadi haƙuri, amma shi hankalinsa na kan agogo.

"Huɗu ta kusa," ya ce. "Wa zai ba ta magani?"

*

Tare suka sauka, dogon a gaba, dattijon na binsa. Hasken na kan ƙusa daidai lokacin da suka shiga.

Tela ba ta juyo ba. Ta san takun mijinta, ta san na Baba, ta kuma ji ba na uku. Ta ce alhamdu lillahi a hankali, ta kama hannun mijin ta riƙe. Can ta ce, "Ina Auta?"

Mai gadi ya ɗauko kwalbar magani ya tsaya yana juya ta, don bai san ko cokali ɗaya ake ba ta ko biyu ba, wannan aikin ba nasa ba ne.

"Baba," ta ce, idonta a kan bango. "Tambayar da ka yi mini ɗazu. Ni na faɗa maka shi ne, ko?"

Baba Sunkuyau ya nemi abin da zai kalla a ƙasa, amma simintin ɗakin a share yake, ba sawun komai.

"Biyu ne," ta ce wa mijinta. "Girgiza tukuna."